Hanya tana rawa tsakanin Jidda da Riyad alhali babu layin da ya yanke

Baban Hanifa, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema, yau kwana uku rabona da barcin kirki. Netwok ɗin kamfanin da nake wa aiki tarayyar BGP ce, wato konfedareshan (BGP shi ne yaren da rautoci, na'urorin da ke zaɓar wa saƙo hanya, ke sanar da juna hanyoyin intanet da shi), mai gunduma uku: Jidda 65010, Riyad 65020, Dammam 65030. Lambar AS, wato lambar shaidar netwok, da duniya ta san mu da ita zan sa 64500 a madadinta, dillalan da muke sayen intanet a hannunsu kuma in kira su 64501 da 64502, don kada in tona asirin kowa. Rautoci 42 ke magana da BGP, OSPF guda ɗaya kuma, mai auna nisa tsakanin rautocin cikin gida, ya ratsa gundumomin duka. Dillali 64501 muna haɗe da shi a ƙofa biyu, Jidda da Riyad. Shi 64502 a Jidda kaɗai.

Tun daren Lahadi wasu adireshi, ba duka ba, suka ƙi zama wuri ɗaya. In na duba rautar bakin iyakar Jidda yanzu sai in ga ta zaɓi 64501, in sake dubawa in ga 64502, kafin in ɗauke ido ta koma. Agogon da ke nuna daɗewar hanya a teburi ba ya cika minti ɗaya sai ya koma sifili, lambar sigar teburi kuwa hawa kawai take. Babu zaman BGP ko ɗaya da ya faɗi, babu faibar da ta yanke, OSPF lafiyarsa lau. Mutanen Dammam su suka fara kuka, sun ce murya tana tsinkewa in suna kira. Na buɗe tikiti wurin dillalan biyu, kowa ya ce daga ɓangarensa hanyoyin da yake turo mana ba su motsa ba, na kuma duba na ga gaskiyarsu. Rawar a cikin gidanmu take. Wanda ya taɓa ganin irin wannan don Allah ya yi magana.

Ɗan Auta, Madina:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗalibi ne, a gyara mini in na yi kuskure. Ai hanyar da ta zo daga Riyad tana ɗauke da 65020 a gabanta, ka ga sawunta, wato jerin lambobin AS da ta ratso, ya fi na Jidda tsawo da AS ɗaya, bai kamata ma ta shiga takara a Jidda ba. Me zai hana ka maimaita 65020 sau biyu ko uku a kanta, ta ƙara tsawo kowa ya huta?

Kawu Na-Misfala, Makka:
Ɗana, tambayarka ta yi kyau, don nan ne kusan kowa ke fara tuntuɓe. Ka lura lambobin gundumomi a cikin baka suke fitowa, kamar haka: (65020) 64501. Abin da ke cikin bakan nan wani yanki ne na daban a sawun hanya, sunansa AS_CONFED_SEQUENCE, kuma aikinsa ɗaya ne, hana hanya ta zagayo ta koma gundumar da ta riga ta ratsa. In an zo auna tsawon sawu ba a ƙirga shi. Hanyar da ta ratsa gunduma biyar da wadda ba ta ratsa ko ɗaya ba, tsawonsu ɗaya a idon rauta. Ranar da hanyar za ta fita waje kuma a share bakan gaba ɗaya a sa 64500. Akwai umarni a manhajar rauta ta FRRouting da ke sa a ƙirga su, amma sai ka kunna shi da hannunka.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane: zaman da ke tsakanin gunduma da gunduma kamar na waje ake saita shi, amma halinsa na gida ne. Fifikon gida, wato LOCAL_PREF, lambar da kai ke ba hanya don fifita ta, yana ƙetarewa. MED, lambar da dillali ke maƙala wa hanya don nuna ƙofar da ya fi so a shigo masa (ƙaramar lamba ce ke cin nasara), yana ƙetarewa. Zango na gaba, wato adireshin rautar da za a miƙa wa kaya, ba ya canzawa. Idan aka kai matakin fifita hanyar waje a kan ta gida, duk abin da ka ji daga bakin ɗan tarayya na gida ne, ko gundumarku ɗaya ko ba ɗaya ba. Haka takardar ƙa'ida RFC 5065 ta 2007 ta tanada. Asalin tsarin Paul Traina ne ya rubuta shi a RFC 1965 a 1996, aka sabunta a 2001, sannan aka kai ga wannan.

Ka ga dalilin da ya sa aka yi shi. Rautoci 42 na Baban Hanifa in kowace za ta zauna da kowace, zama 861 ke nan. In ya raba su 16, 16 da 10, an dawo 285 da 'yan ƙalilan na bakin iyaka. Amma sauƙin nan da kuɗinsa: kowace rautar iyaka hanya ɗaya tak take faɗa wa maƙwabciyarta, wadda ita ta zaɓa. Sauran ta rufe su a ciki. Ka riƙe wannan, ina jin za mu dawo kansa.

Abu Yasir, Dammam:
Salam ya jama'a. Baban Hanifa, Cisco ne ko? In manhajarsu ta IOS ce ka fara duba umarnin bgp deterministic-med. In babu shi, rauta biyu-biyu take gwada hanyoyi, daga sabuwar shigowa zuwa tsohuwa, sai ya zama wadda ta riga wata isowa ita ke canza sakamako. In akwai shi, sai ta fara tara hanyoyin kowane dillali wuri ɗaya, ta fitar da gwani a kowane rukuni, sannan ta haɗa gwanayen. Manhajojin Junos da IOS XR haka suke yi tun daga kwali, IOS na da kuwa sai ka gaya masa. Na taɓa ganin rautoci biyu a ɗaki ɗaya, hanyoyi iri ɗaya, kowace da zaɓinta, kuma wannan layin guda shi ne babu a ɗayarsu.

Baban Hanifa, Jidda:
Cisco ne akhi, kuma yana kan dukkan 42 ɗin, jiya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Rashinsa ma a fahimtata saɓanin zaɓi yake kawowa, amma daga baya kowace rauta ta tsaya a kan nata. Wannan tawa ba ta tsayawa ko kaɗan.

Malam Na-Maiwurno, Bur Sudan:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri sai yanzu saƙonni suka shigo mini gaba ɗaya. Ɗan uwa, ka duba zango na gaba da kyau. Bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mun kwaso abin da za mu iya kwasowa daga Khartum zuwa nan, muka haɗa kayan wuri biyu cikin gaggawa. Kowane ɓangare da OSPF ɗinsa, ba mu da lokacin narkar da su su zama ɗaya, sai muka mai da su gunduma biyu a tarayya ɗaya. Hanyoyi suna ƙetarowa lafiya, amma da adireshin zangon da wannan ɓangaren bai san shi ba. Rauta tana ganin hanya a teburin BGP, ta ƙi ɗaukarta, don ba ta san ta inda za ta kai ga zangon ba. Wani abokin aiki ya rubuta hanya da hannu zuwa zangon, ta kan wani layi da ke mutuwa duk lokacin da wuta ta ɗauke a wancan ginin. To ka ga wuta ta ɗauke hanyoyi dubbai su ɓace, janareta ya tashi su dawo, zaman BGP kuwa yana nan daram don shi ta wani layin yake bi. Mun yi mako muna zargin kebul ɗin teku da ya haɗa mu da ku nan Jidda, SAS-1 da SAS-2, ashe su babu ruwansu.

Da muka sa next-hop-self a rautocin iyaka, wato kowace ta sa kanta a matsayin zango na gaba, abin ya lafa. Sai dai shi ma ya zo da nasa: awon nisan da kowace rauta ke gani ya tsaya a bakin iyaka, ƙofa ta kusa da ta nesa a wancan ɓangaren suka zama ɗaya a idonta, sai lambar rauta mafi ƙanƙanta ke raba gardama. Don irin wannan aka yi AIGP, RFC 7311 ta 2014, mai ɗauko jimillar awo ya ƙetare da shi. Mu tsofaffin kayanmu ba su san shi ba.

Baban Hanifa, Jidda:
Allah ya kawo muku zaman lafiya Malam, ya mai da kowa gidansa. Na duba. Mu OSPF ɗaya ne, adireshin kowace rauta yana cikinsa, kuma hanyoyin zuwa zangunan sun kwana uku ba su motsa ba.

Maman Sadik, Riyad:
Amin. Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Ka ce tun daren Lahadi. Me aka taɓa a daren Lahadi, ko da a ganinka bai shafi BGP ba? Sannan ka ɗauki adireshi ɗaya cikin masu rawar, ka kawo mana duk hanyoyin da rautar iyakar Jidda ke gani gare shi, kowace da sawunta, da MED ɗinta, da awon OSPF zuwa zangonta. Kada ka kawo zaɓaɓɓiyar kawai. Waɗanda suka faɗi takara su nake son gani.

Baban Hanifa, Jidda:
To Hajiya. A daren ba a taɓa BGP ba ko layi ɗaya. Abin da aka yi shi ne an ɗauke zirga-zirgar Jidda da Riyad daga tsohon layi mai gigabit 10 aka mai da ita kan sabo mai gigabit 100. An yi lafiya, kowa ya tafi gida yana murna.

Ga abin da J1, rautar iyakar Jidda, ke gani ga 203.0.113.0/24. J2 da J3 rautocin Jidda ne da ke haɗe da dillalan, 64510 kuma shi ne mai adireshin. Fifikon gida duk 100 ne, asali duk iri ɗaya.

Ta ɗaya: 64502 64510, zango J2, babu MED, awo 20.
Ta biyu: 64501 64510, zango J3, MED 20, awo 10.
Ta uku: (65020) 64501 64510, zango R2 a Riyad, MED 10, awo 31.

Ta ukun nan ita ce ke zuwa tana tafiya. In tana nan J1 ta zaɓi ta ɗaya. In ta ɓace J1 ta zaɓi ta biyu. Ita kanta ban taɓa ganin an zaɓe ta ba.

Maman Sadik, Riyad:
Tsaya. Awo 31 daga Jidda zuwa wata rauta a Riyad? Tafiyar kusan kilomita 950 ce a mota, amma OSPF ɗinka yana ganinta kamar daga wannan bene zuwa wancan. Daga R1, rautar iyakar Riyad, zuwa R2 nawa ne? Kuma sabon layin nan nawa aka ba shi?

Baban Hanifa, Jidda:
Innalillahi. R1 zuwa R2 30 ne, layuka uku masu gigabit 10. Sabon layin 1 ne. Na buɗe tsohon saiti yanzu, a kan tsohuwar kafar akwai ip ospf cost 1000 an rubuta da hannu, babu wani bayani a gefensa. Da aka koma sabuwar kafa ba a kwafo shi ba, sai OSPF ya yi lissafinsa da kansa. Ma'auninmu 100000 ne, a raba da gudun layin, ya ba da 1. Amma Hajiya har yanzu ban ga yadda wannan zai sa hanya rawa ba. Na ɗauka iyakarsa ya canza zaɓi sau ɗaya a zauna.

Kawu Na-Misfala, Makka:
Allah ya yi miki albarka Hajiya, kin kama bakin zaren. Baban Hanifa, ɗauko takarda da alƙalami mu bi ta a hankali, don wannan sai an zana ake ganinta. Ka tuna ƙa'ida ɗaya: MED ba a gwada shi sai tsakanin hanyoyin da suka fito daga dillali ɗaya, kuma wajen gane dillalin ba a kallon abin da ke cikin baka.

Mu fara daga lokacin da J1 take da hanya biyu kawai, ta ɗaya da ta biyu. Dillalansu daban, babu maganar MED, sai a sauko kan awo. 10 ya fi 20 kusa, ta ɗauki ta biyu, ta aika wa R1.

R1 yanzu tana riƙe da ta biyu da ta uku. Duk na 64501 ne, don haka MED ya yi magana, 10 ya kayar da 20. Ta ɗauki ta uku, ta aika wa J1.

J1 ta samu uku. A rukunin 64501, ta uku ta kori ta biyu da MED. Saura ta uku da ta ɗaya, dillalai daban, a koma awo: 20 da 31. Ta ɗauki ta ɗaya. Tunda hanya ɗaya take iya faɗa, sai ta aika wa R1 ta ɗaya a madadin ta biyu.

Nan ne layinka mai awo 1 ya shigo. R1 tana riƙe da ta ɗaya da ta uku, dillalai daban. Zuwa J2 a Jidda 21 ne, zuwa R2 da ke garinsu 30. Sai ta ga Jidda ta fi kusa, ta ɗauki ta ɗaya. Yanzu zaɓinta daga J1 ta ji shi, don haka ta janye ta uku daga J1.

Da ta uku ta ɓace, wa zai kori ta biyu? Babu. J1 ta koma kanta, ta aika wa R1, mun dawo inda muka fara. Kowace rauta a kowane mataki daidai ta yi bisa abin da take gani, shi ya sa ba ka ga kuskure ko ɗaya a rajista ba. A wurin J1 ta biyu ta fi ta ɗaya, ta ɗaya ta fi ta uku, ta uku kuma ta fi ta biyu. Babu ta farko a cikinsu. Da J1 tana ganin ukun kullum da ta tsaya a kan ta ɗaya, amma tarayya tana ɓoye mata ta uku duk lokacin da R1 ta sauya ra'ayi.

Yanzu mai da 1000 ka sake bi. A mataki na huɗu R1 za ta ga 1020 da 30, ta riƙe ta uku, ba ta janye komai. J1 ta zauna a kan ta ɗaya. Shi ke nan. Wanda ya rubuta 1000 ɗin nan ya san abin da yake yi. RFC 3345 ta Agustan 2002, ta McPherson da Gill da Walton da Retana, wannan ciwon ta bayyana, kuma cikin magungunan da ta lissafa har da a sa awon layin da ke tsakanin gundumomi ya fi na cikin gunduma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Auta, Madina:
Kawu na zana, wallahi ta zagayo. To me ya sa wasu adireshin ne kawai?

Maman Sadik, Riyad:
Don sai sharuɗɗa sun haɗu, ɗana. Tsawon sawu ta dillalan biyu ya zo ɗaya, asali ɗaya, sannan MED ɗin ƙofar Riyad ya fi na ƙofar Jidda ƙanƙanta. In sawun wani ya fi gajarta, an gama magana tun kafin a kai MED. In kuma MED ɗin Jidda ne ƙarami, ta biyu ba ta da mai korar ta. Su mutanen Dammam kuwa abin da R1 ta faɗa shi kaɗai suke ji, don haka kayansu yanzu ya fita ta Riyad, anjima a ja shi har Jidda ya fita ta wani dillalin. Haske a cikin faiba kusan kilomita 200 yake ci a milisakan ɗaya, ka ga ƙarin kusan milisakan 5 ke nan kafin ma a bar ƙasar, ga hanyar dillalin ta daban. Mai karanta shafi ba zai ji ba. Mai kira zai ji.

Abu Yasir, Dammam:
Ma sha Allah Kawu. Amma ni fa gyaran awo ɗaure rauni ne kawai a ganina. Yau an mai da 1000, baɗi wani ya sake canza kafa ya manta. Shawarata biyu. Ta kusa: ka share MED a bakin ƙofa, duk hanyar da ta shigo daga dillali ka mai da nata 0, in kana son fifita wata ƙofa ka yi da fifikon gida, wanda kai ke riƙe da shi kuma ake gwada shi a kan kowace hanya. Kai ne kake biyan kuɗi, don me wani zai zaɓa maka ƙofar fita? Ta nesa: ku rushe tarayyar nan. Rautoci 42 da OSPF ɗaya, me ake da gunduma uku? Ku sa riflekta biyu ko huɗu, wato rautocin da ke karɓar hanya su haska wa saura, AS ɗaya. Yaran da muke ɗauka aiki yanzu kowa ya iya riflekta, amma in ya ga lamba a cikin baka sai ya tsaya yana kallo.

Maman Sadik, Riyad:
Abu Yasir, a kan ta nesan ban yarda ba. Ka buɗe takardar da Kawu ya ambata, misalin farko da ta kawo na riflekta ne, na tarayya ya biyo baya. Riflekta ma hanya ɗaya yake haskawa ya ɓoye saura. In ka rushe tarayya ka bar awon tsakanin garuruwa a 1, ciwon zai bi ka sabon gida. Abin da ke taɓa tushen shi ne a daina ɓoyewa, wato ADD-PATH na RFC 7911 ta 2016, inda rauta ke iya aika hanya fiye da ɗaya ga adireshi guda. Shi ma sai ka tabbatar kayanka sun yarda da shi a irin zaman da kake so, kuma ƙwaƙwalwarsu za ta ɗauka.

Share MED kuma halal ne, da yawa suna yi, amma a san abin da aka zubar. Dillalin da ka haɗu da shi a ƙofa biyu ya fi ka sanin cikin gidansa. A Fabrairun 2024 da kebul uku suka yanke a Bahar Maliya, AAE-1 da EIG da Seacom, mu a wurinmu dillalinmu ya juya MED ɗinsa, kayanmu suka koma ɗaya ƙofar ba tare da an tashe ni daga barci ba. Da mun share shi da mun ci gaba da tura kaya inda ya cushe. Wasu yarjeniyoyin ma a rubuce yake cewa za ka mutunta MED, a duba takarda kafin a taɓa.

Kuma tun kafin wani ya kawo always-compare-med, mai sa a gwada MED ko dillalan sun bambanta: ku dubi hanya ta ɗaya, ba ta da MED. Cisco yana ɗaukar rashinsa a matsayin 0, wato mafi kyau. Ka kunna shi yau, duk adireshin da sawunsu ya zo ɗaya su kwarara kan 64502 a Jidda, har na Dammam. Rawa za ta tsaya, layin ya cika. In kuma ka kunna a wasu rautoci ka bar wasu, kana iya samun fakiti yana kai da komowa tsakanin biyu.

Abu Yasir, Dammam:
Na karɓi gyara a kan riflekta, Hajiya, gaskiyarki. A kan MED ina nan a kan bakana. Naku dillalin ya yi muku adalci, amma da yawa MED ɗinsu awon cikin gidansu ne kawai suke kwafowa, duk layin da ya motsa a can sai teburinka ya girgiza a nan. Ni na fi son abin da zan iya bayyana wa manaja da safe.

Kawu Na-Misfala, Makka:
Ku duka kuna da hujja, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baban Hanifa, abu biyu kafin ka taɓa komai. Ka duba ko akwai wani layin ajiya tsakanin Jidda da Riyad da awonsa bai kai 1000 ba, don kada ka ɗaga wannan kaya su zube kan ƙaramin layi. Na biyu, maganin awo yana aiki ne a yadda kuke yanzu, ƙofofi a gunduma biyu maƙwabta. Ranar da kuka buɗe ƙofar dillali a Dammam, hanya za ta riƙa ratsa Riyad daga wannan gefe zuwa wancan, kuma takardar nan ta kawo nau'i na biyu na rawar da ke tasowa in hanya tana ƙetare gundumomi hawa-hawa. A nan awo kaɗai ba ya ba da tabbas. Ranar, maganar Abu Yasir ta share MED ko a yanke hukunci da fifikon gida za ta yi nauyi sosai.

Baban Hanifa, Jidda:
Na gode Kawu. Layin ajiya 1500 ne, ba matsala. An ba ni izini daren Alhamis ƙarfe 2, tunda Juma'a babu aiki. Zan dawo da labari in sha Allah.

Baban Hanifa, Jidda:
Alhamdu lillahi. Yanzu na dawo daga sallar asuba, ga yadda aka yi. Na fara da kafar R1 ta ɓangaren Riyad, na sa 1000. Ban ma kai ga taɓa Jidda ba rawar ta tsaya, kuma da na koma kan zanen Kawu na ga dalili: OSPF awon kafar fita yake ƙirgawa, kuma R1 ce ke yanke hukuncin da ke janye ta uku. Sannan na sa a J1 don ɓangarorin su daidaita. Na zauna awa ɗaya ina kallo. Agogon hanya ya wuce minti 1, ya wuce 10, ya wuce 60. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Yanzu Jidda tana fita ta 64502, Riyad da Dammam ta 64501 a ƙofar Riyad.

Na rubuta bayani a kan kafofin biyu cewa kada a cire wannan awon, da lambar RFC ɗin, na kuma sa shi a takardar da ake bi in za a canza layi. Na duba layin Riyad da Dammam, nasa 1000 yana nan. Maganar MED na kai wa shugaban sashenmu ra'ayoyin biyu yadda kuka faɗe su, don akwai shirin buɗe ƙofa a Dammam. Ni zuciyata ta fi karkata ga Hajiya a yanzu, ga Abu Yasir kuma in ƙofar ta buɗe. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ji ƙan iyaye.

Ɗan Auta, Madina:
Amin Yaya, barka. Abu ɗaya ya tsaya mini: ta biyu ita ce mafi kusa da J1, awo 10, amma yanzu J1 ba ta bin ta?

Maman Sadik, Riyad:
Haka ne. Dillalin da kansa ya ce ga wannan adireshin ya fi son a shigo masa ta Riyad, kuma muddin J1 tana jin wannan maganar, ta biyu a kore take. J3 kuwa tana amfani da ita, don ita a wurinta hanyar waje ce kuma ta uku ba ta isa kunnenta.

Abu Yasir, Dammam:
Wannan ita ce hujjata, Hajiya. Layin da ake biya, ga shi a kusa, an bar shi.

Ɗan Auta, Madina:
Kawu, ina so in gina ta a manhajar kwaikwayon netwok ta GNS3 in gani da idona. Rautoci nawa zan sa?

Kawu Na-Misfala, Makka:
Biyar a ciki: J1, J2, J3, R1, R2. Ba sai ka jera layuka ba, rubuta awon da hannu, 20 da 10 da 30. A waje uku sun isa, ɗaya ga kowane dillali da ɗaya mai adireshin, ka ja wa 64501 waya biyu. Ka fara da 1000 ka ga ta zauna, sannan ka sauke zuwa 1. Daga nan ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya, ka gaya mana a kan wace lamba ta daina.

Malam Na-Maiwurno, Bur Sudan:
In ka gama, ɗana, ka turo saitin a rubuce kawai, kada ka turo hoto ko bidiyo, layinmu ba zai sauke ba. Akwai yara biyu a nan da nake koya wa, ina so su zana ta a takarda kafin su kunna.

Ɗan Auta, Madina:
To Malam, a rubuce zan turo. A lissafina a kan 11 za ta tsaya tabbas, don 20 da 11 sun wuce 30. A kan 10 kunnen doki ne, sai na gwada na ga wa R1 za ta ɗauka.